Furucin Darakta da Hukuncin Masu Biki: Waiwaye Daga Lyon Zuwa Paris

A unguwar Monplaisir ta birnin Lyon akwai wata hanya da ake kira Titin Fim na Farko. Nan masana'antar iyalan Lumière take, kuma a bakin ƙofarta ne Louis Lumière ya kafa na'urarsa a 1895 ya ɗauki hoton ma'aikata suna tashi daga aiki, mata da dogayen riguna da huluna, wani a kan keke, ga kare yana gittawa. Ranar 28 ga Disamba na shekarar aka nuna wannan ɗan gajeren fim tare da wasu a ɗakin ƙasa na Grand Café a Paris, mutane suka biya kuɗi suka kalla. Har yau Lyon na tinƙaho da asali, Paris kuma ita ke riƙe da kuɗi da ofisoshi da jaridu.

Wanda ya ji sunan bikin fina-finai na Cannes zai zaci can bakin teku ake yanke komai, alhali mako biyu ma ba a cikawa a can. Ofishin da ke zaɓen fina-finan yana Paris. Mutumin da ke jagorantar zaɓen tun 2001, Thierry Frémaux, a gefen Lyon ya tashi, shi ne kuma daraktan Cibiyar Lumière, inda shi da marigayi Bertrand Tavernier suka kafa bikin Lumière a 2009. Saboda haka duk ranar da wani mai shirya fim ya yi furucin da ya tayar da ƙura, daga waɗannan garuruwa biyu hukuncinsa ke fitowa. Tarihin wannan hukunci kuwa bai tafi a kan ma'auni ɗaya ba.

Bikin Cannes kansa siyasa ce ta haife shi. A 1938 bikin Venice na Italiya ya raba babbar kyautarsa tsakanin Olympia, fim ɗin Leni Riefenstahl mai yi wa gwamnatin Hitler aiki, da wani fim ɗin Italiya da ɗan Mussolini ke da hannu a ciki. Wakilan Faransa da Ingila da Amurka suka koma gida a fusace. Wani jami'in gwamnati, Philippe Erlanger, ya kawo shawarar a kafa bikin da 'yan kama-karya ba za su juya shi ba, ministan ilimi Jean Zay ya amince, aka naɗa Louis Lumière shugaban girmamawa, aka sa ranar 1 ga Satumba 1939. A ranar ce sojojin Jamus suka afka wa Poland. Biki ya watse tun bai fara ba, sai 1946 aka yi na farko. Jean Zay bai gani ba, domin 'yan bangar gwamnatin Vichy, mai haɗa kai da 'yan mamayar Jamus, sun kashe shi a 1944.

A shekarun farko ba bakin darakta ake tsoro ba, fim ɗinsa ake tsoro. Gwamnatoci ne ke aiko da fina-finan da za su wakilce su, kuma ƙa'idar bikin ta ba da damar janye duk wanda zai ɓata wa wata ƙasa rai. A 1956 Alain Resnais ya fitar da Nuit et brouillard, fim na kimanin rabin sa'a a kan sansanonin gwale-gwale na 'yan Nazi. Kafin ma a je Cannes, hukumar tace fina-finai ta Faransa ta tsaya a kan hoto guda: wani jandarma Bafaranshe yana gadin sansanin Pithiviers, inda ake tsare Yahudawa kafin a tura su gabas. Hularsa ce ta tona asiri, sai aka tilasta a rufe ta a jikin hoton. Sannan ofishin jakadancin Jamus ta Yamma ya nemi a cire fim ɗin daga gasa, aka cire. Shekara goma sha ɗaya kacal da ƙarewar yaƙin, bikin da aka kafa domin ƙin jinin Hitler ya kawar da fim mai nuna aikin Hitler, don kada a ɓata sabuwar abota.

Juyin ya zo a 1968, kuma a Paris ya fara. A watan Fabrairu ministan al'adu André Malraux ya tuɓe Henri Langlois daga shugabancin Cinémathèque française, gidan adana tsofaffin fina-finai da Langlois ya kafa, inda su François Truffaut da Jean-Luc Godard suka koyi sana'a ta hanyar kallo dare da rana. Masu fim suka fito titi kusa da fadar Chaillot, 'yan sanda suka sa musu kulki, daraktocin duniya suka yi ta aiko da saƙon hana nuna fina-finansu a gidan. Cikin Afrilu gwamnati ta ja da baya, Langlois ya koma kujerarsa. Da Mayu ta zo, ɗalibai suka cika titunan Paris, miliyoyin ma'aikata suka shiga yajin aiki, sai waɗannan daraktoci suka dira a Cannes suka ce ba za a ci gaba da shagali ba alhali ƙasa ta tsaya. Godard ya yi wa masu son a ci gaba tatas a bainar jama'a, ya ce shi yana maganar goyon bayan ɗalibai da ma'aikata, su kuma suna masa maganar salon ɗaukar hoto. Louis Malle da Monica Vitti da Roman Polanski suka sauka daga kujerar alƙalanci. Darakta Carlos Saura na Sifen ya riƙe labulen allo da hannunsa don kada a buɗe a nuna fim ɗinsa. Ranar 19 ga Mayu aka rufe biki ba tare da an ba kowa kyauta ba. Shekara ta gaba ƙungiyar daraktoci ta buɗe nata sashen, Quinzaine des réalisateurs, kuma daga 1972 bikin ya karɓe ikon zaɓen fina-finai daga hannun gwamnatoci.

Daga nan darakta ya zama sarkin biki. Ana jiran fim ɗinsa, ana kuma jiran abin da zai faɗa a taron manema labarai, kuma gwargwadon tsaurin bakinsa gwargwadon yadda sunan bikin zai cika jaridu. Masu biki sun ci moriyar wannan shekaru da dama. Babu kuma wanda ya fi Lars von Trier na Denmark sanin yadda ake wannan wasa. Cannes ce ta raine shi tun yana matashi, ita ta ba shi babban kambunta na Palme d'Or a 2000.

Ranar 18 ga Mayu 2011 ya zauna gaban 'yan jarida bayan an nuna fim ɗinsa Melancholia, jarumai Kirsten Dunst da Charlotte Gainsbourg na gefensa. Wata 'yar jarida daga Ingila ta tambaye shi game da asalinsa na Jamus da sha'awarsa ga salon fasahar 'yan Nazi. Ya fara da labarin kansa: ya tashi yana ɗaukan kansa jinin Yahudawa, sai mahaifiyarsa tana gab da rasuwa ta gaya masa cewa mahaifinsa na ainihi wani ne mai asalin Jamus. Daga nan harshe ya kwashe shi. Ya ce ya fahimci Hitler, har yana ɗan tausaya masa in ya tuna shi zaune a maɓoyarsa ta ƙarƙashin ƙasa a kwanakin ƙarshe. Ya yabi Albert Speer, mai zana gine-ginen Hitler. Ya ce ba ya ƙin Yahudawa, ya ɗan caccaki Isra'ila, ya tambayi kansa da ƙarfi yadda zai fita daga wannan jimla, ya ƙare da cewa to shi ke nan, shi ɗan Nazi ne. Duk wanda ya kalli hoton taron zai ga Dunst tana mutsu-mutsu a kujera, tana sunkuyar da kai, tana neman ta tsayar da shi. A ranar ya nemi gafara a rubuce. Washegari hukumar gudanarwar bikin ta zauna ta ayyana shi a matsayin wanda ba a maraba da shi, nan take. Fim ɗin kuwa aka bar shi a gasa, Dunst ta ci kyautar gwarzuwar jaruma da shi.

Ba za a gane nauyin wannan furuci a kunnen Bafaranshe ba sai an koma Lyon. A can Klaus Barbie ya shugabanci 'yan sandan ciki na Jamus lokacin mamaya, a hannunsa aka azabtar da jagoran 'yan gwagwarmaya Jean Moulin, shi ya sa aka kwashe yara Yahudawa 44 daga gidan da aka ɓoye su a ƙauyen Izieu a Afrilun 1944, babu ko ɗaya daga cikinsu da ya dawo. A Lyon ɗin aka yi masa shari'a a 1987 aka yanke masa ɗaurin rai da rai. A Paris kuma, 'yan sandan Faransa ne da kansu suka tattara Yahudawa kusan 13,000 cikin kwana biyu a Yulin 1942. Shugaban bikin Cannes a 2011, Gilles Jacob, Bayahude ne da aka ɓoye yana yaro har yaƙin ya wuce. Dokar Faransa ta haramta yabon laifukan yaƙi, har sai da 'yan sandan Denmark suka yi wa von Trier tambayoyi bisa buƙatar mai gabatar da ƙara na Faransa, kodayake ba a kai ga gurfanar da shi ba. A ganina fushin da aka yi daidai ne. Mutumin da ya mai da kisan miliyoyin bayin Allah abin raha domin ya burge 'yan jarida ya cancanci a nuna masa ƙofa, kuma barin fim ɗin a gasa adalci ne ga ɗaruruwan da suka yi aikinsa ba su ce uffan ba.

Abin da ke damuna shi ne waɗanda ba a nuna wa ƙofar ba. A makon da aka kori von Trier, Mel Gibson, wanda ya zagi Yahudawa ƙiri-ƙiri lokacin da 'yan sanda suka kama shi a Amurka a 2006, ya taka jar dardumar bikin. Wannan ma ƙarami ne idan aka kwatanta da batun Roman Polanski.

A 1977 Polanski ya amsa a gaban kotun Los Angeles cewa ya yi lalata da yarinya 'yar shekara 13. Ya yi kwana 42 a tsare, sannan a farkon 1978 ya gudu Paris kafin a yanke masa hukunci. Faransa ba ta miƙa 'yan ƙasarta ga Amurka, shi kuwa a Paris aka haife shi. Cannes ta ba shi Palme d'Or a 2002. Da 'yan sandan Suwizalan suka kama shi a Satumbar 2009 yana kan hanyar karɓar lambar yabo a bikin Zurich, 'yan fim fiye da ɗari, ciki har da manyan daraktoci, suka sa hannu a takardar neman a sake shi, kuma hujjarsu ita ce bikin fim wuri ne mai alfarma da bai kamata a kama mai fasaha a hanyarsa ba. Ministan al'adu Frédéric Mitterrand ya fito ya kare shi. A 2013, shekara biyu bayan korar von Trier, sabon fim ɗin Polanski na cikin gasar Cannes. Wanda ya yi mummunar magana an kore shi cikin kwana ɗaya. Wanda ya amsa mummunan aiki a gaban alƙali ya shafe shekaru kusan arba'in ana karrama shi. Ba na jin akwai bayanin da zai wanke wannan. Furucin von Trier ya taɓa martabar bikin a idon duniya, abin da aka yi wa yarinyar kuwa bai taɓa aljihu ko sunan kowa a cikinsu ba.

Ba masu biki ne suka gyara wannan ba, mata ne suka tilasta. A Janairun 2017 aka naɗa Polanski ya shugabanci taron kyautar César, wato babbar kyautar fim ta Faransa, ƙorafi ya yi yawa har ya janye. A Oktoba Cinémathèque ta shirya nuna duk fina-finansa, mata suka yi zanga-zanga a ƙofarta. A 2019 ya fitar da J'accuse, labarin Alfred Dreyfus, hafsan soja Bayahude da aka yi wa ƙazafin cin amanar ƙasa a 1894, kuma a hirar da aka raba wa 'yan jarida a Venice ya nuna cewa ya san irin wannan tsangwama daga rayuwarsa. Wannan kwatance ya ƙara hura wutar. Sai ga wata Bafaranshiya mai ɗaukar hoto ta fito a jaridar Le Parisien da zargin ya yi mata fyaɗe a 1975, ya musanta. Duk da haka fim ɗin ya shiga takarar César a rukuni 12. Hukumar kyautar ta yi murabus baki ɗaya makonni biyu kafin taro. Daren 28 ga Fabrairu 2020 a zauren Pleyel na Paris, ana zanga-zanga a waje, aka kira sunan Polanski a matsayin gwarzon darakta, shi bai ma halarta ba. Jaruma Adèle Haenel ta miƙe ta fice tana cewa abin kunya ne, wasu suka bi bayanta. Tun daga daren nan babu wani biki a Faransa da ke gayyatar mutum ba tare da ya yi lissafin abin da titi zai ce ba.

Von Trier kuwa an yafe masa. A 2018 hukumar Cannes ta ɗage hukuncin, Frémaux ya ce horon ya isa haka, von Trier ya dawo da sabon fim a wajen gasa, aka tashi tsaye aka yi masa tafi, wasu kuma suka fice a tsakiyar kallo saboda munin kashe-kashen da ke ciki.

Akwai kuma tsaurin bakin da ake maraba da shi. A Oktoban 2019 Francis Ford Coppola ya zo Lyon karɓar kyautar Lumière, aka tambaye shi game da maganar Martin Scorsese cewa fina-finan Marvel ba silima ba ne, ya ce Scorsese ma ya sassauta, shi a wurinsa abin ƙyama ne. Amurka ta ɗauki zafi, a Lyon kuwa babu wanda ya ɗaga gira, domin maganar ta dace da tsohuwar manufar Faransa ta kare fim ɗinta daga kasuwar Hollywood. Tun 1946 ƙasar ke da hukumar CNC, wadda ke karɓar haraji a kan kowane tikitin silima ta zuba a shirya fina-finan gida. Wannan kuɗi shi ne igiyar da ba a cika gani ba. Ranar 27 ga Mayu 2023 Justine Triet ta karɓi Palme d'Or, mace ta uku da ta taɓa ci, ta yi amfani da damar ta soki yadda gwamnatin Macron ta danne masu adawa da ƙarin shekarun ritaya daga 62 zuwa 64, ta kuma zarge ta da mai da al'adu haja. Ministar al'adu Rima Abdul Malak ta mayar da martani a daren, ta tuna mata cewa da tallafin ƙasa aka yi fim ɗin. 'Yan siyasa suka kira ta mai butulci. Da kwamitin zaɓe na Faransa ya tsallake fim ɗinta ya aika wani daban gasar Oscar, mutane da yawa suka ɗauke shi a matsayin ramuwa. Wanda aka aika bai kai zagayen ƙarshe ba, nata kuwa ya shiga ta wata ƙofa ya ci kyautar tsara labari a Maris 2024.

Duk waɗannan mutane an ji su. An buga maganarsu, an yi muhawara, wasu an kore su an dawo da su. Mu 'yan Afirka wani hukuncin daban muka sani, wanda ba a kiran taron hukuma a kansa. Dokar Laval ta 1934 ta hana ɗaukar fim a ƙasashen Afirka da Faransa ke mulka sai da izinin gwamna, shi ya sa Paulin Soumanou Vieyra da abokansa suka yi fim ɗinsu na 1955, Afrique-sur-Seine, a titunan Paris. René Vautier, Bafaranshen da ya ɗauki hoton zaluncin mulkin mallaka a Afrique 50, kurkuku ya sha, fim ɗin kuma ya yi shekaru kusan arba'in a haramce. Ba a ce ƙofar a rufe take ruf ba: Cabascabo na Oumarou Ganda ɗan Nijar ya shiga sashen masu sharhi na Cannes a 1969, Mohammed Lakhdar-Hamina na Aljeriya ya ci Palme d'Or a 1975, Souleymane Cissé na Mali ya ci kyautar alƙalai a 1987. Amma fim ɗin da ya nuna sojan Faransa da jinin baƙar fata a hannunsa, hanyarsa ta fi ƙunci.

A 1986 Med Hondo, ɗan Muritaniya mazaunin Paris, ya kammala Sarraounia daga littafin Abdoulaye Mamani na Nijar. Labarin Sarauniya Mangu ta Lugu ne, a ƙasar Arewa, wadda ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ta ƙone garuruwa ta yi ɓarna a Birnin Ƙonni. A Burkina Faso ta Thomas Sankara aka ɗauki fim ɗin, ya ci babbar kyautar bikin fim na FESPACO a Wagadugu a 1987, amma bai daɗe a gidajen silima na Paris ba. Camp de Thiaroye na Ousmane Sembène da Thierno Faty Sow, a kan sojojin Afirka da Faransa ta harbe kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba 1944 saboda sun nemi haƙƙinsu, bai samu shiga Cannes a 1988 ba. Venice ce ta karɓe shi ta ba shi kyautar alƙalai ta musamman, kuma ya yi shekaru ba a ganinsa a Faransa. Sai a 2024 Cannes ta nuna shi a sashen tsofaffin fina-finai, shekara 36 bayan fitowarsa, shekara 17 bayan rasuwar Sembène. Ko a 2010, da Rachid Bouchareb ya kawo Hors-la-loi mai taɓo kisan Sétif na 1945 a Aljeriya, wani ɗan majalisa, Lionnel Luca, ya la'anci fim ɗin tun bai gani ba, aka yi zanga-zanga a Cannes ranar nuna shi, 'yan sanda suka kewaye zauren. A wannan karon bikin ya tsaya a kan bakansa ya nuna fim ɗin, kuma ya cancanci yabo a kan haka.

Mu ma a gida ba baƙi ba ne ga wannan rigima. Hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano ta kafu a 2001, kuma ma'abota fim ɗin Hausa ba su manta da Disambar 2008 ba, lokacin da kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure Hamisu Lamido Iyan-Tama, wanda aka sani da sukar hukumar a fili, a shekarar da fim ɗinsa Tsintsiya ya ci kyauta a bikin Zuma na Abuja. Ƙungiyoyin 'yan fim ma sun sha korar jarumai da sanarwa ɗaya, su dawo da su da wata. Duk al'umma na da haƙƙin ta ce ga iyakar abin da za ta lamunta, kuma tamu iyakar ba sai ta zama irin ta Faransa ba. Abin da nake roƙon masu shirya bukukuwan fim a Kano da Abuja da Yamai shi ne su rubuta ƙa'idarsu tun kafin ranar fushi: wane furuci ne ke jawo kora, na tsawon wane lokaci, wa ke yankewa, ina wanda aka hukunta zai kai kuka. Ƙa'idar ta hau babban darakta kamar yadda za ta hau yarinyar da ta shigo sana'ar jiya, aikin da kotu ta tabbatar kuma kada ya fi maganar baki sauƙin wucewa.

Sannan su nemo Sarraounia su kafa majigi a Ƙonni da Dogon Dutsi da Maraɗi da Katsina. Med Hondo ya rasu a Paris a Maris 2019, kuma ya kamata jikokin mutanen da ya ba da labarinsu su ga aikinsa a kan babban allo a garuruwansu.